Maganar Amumun, Kafin Ki Tashi Zuwa Dakar

Dakoro, ranar Laraba da hantsi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Uwata, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wagga takarda ta same ki lafiya a Yamai, ke da gwaggonki da yaranta. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Innarki na gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah Ya tsare ki a inda kike, Ya tsare ki a cikin jirgin da za ki shiga, Ya sauke ki Dakar lafiya. A jami'a Hadiza suke ce maki, haka kuma suka rubuta a takardar buris ɗinki, wato tallafin karatu, amma ni bakina bai iya kiran sunan mahaifiyata ba, don haka ko a takarda Uwata ce.

Ranar da na raka ki tasha na yi niyyar in yi maki magana. Da kar ɗin, babbar motar Yamai, ya tada inji, sai na ji ina tambayar ki ko kin ɗauko ruwan sha, shi ke nan abin da ya fito. Shi ya sa na zauna gindin bedin ƙofar gida na ɗauki alƙalami. Ba labarin gida zan ba ki ba, wannan kina jin shi ta salula wajen innarki fiye da yadda ni nake jin shi. Maganar Amumun ce. Kin san farkonta, kin san ƙarshenta, amma ba ki san yadda na gan ta daga inda nake tsaye ba. A cikin shekarar nan na yi kurakurai a gaban idonki, kika gani kika kau da kai saboda ni ubanki ne. Yau da hankalina ya kwanta, gara in bi su ɗaya bayan ɗaya in fitar maki da abin da ke cikinsu.

Kin tuna lokacin da kika dawo gida bayan kaka, kika ce mani binciken da za ki rubuta don kammala karatunki na shari'a, kan yadda dokokin banki ke shafar mutanen da tashin hankali ya raba da gidajensu ne? Dariya na yi. Na ce mene ne haɗin banki da mutumin da ke kwana gindin itace. Kika ce, "Baba, yanzu agaji ba buhun hatsi ba ne kaɗai. Ta banki da salula yake biyowa. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa, ko yana kwance da yunwa, ƙofar ba ta buɗe mashi." Ban gane ba a lokacin, amma da kika ce kina son wanda zai kai ki arewacin Azagor, na ji daɗi. Na ƙare ƙuruciyata ina yi wa bisashen can allura, babu rijiyar da ban sha ruwanta ba, kuma tun da na ajiye aiki babu wanda ya sake neman in nuna mashi hanya.

Haka muka hau moto, babur ɗin nan, muka tsallake kwarin Tarka, muka isa zangon Abzinawan nan da suka taso daga yamma, can wajen iyaka, bayan 'yan bindiga sun hana su zama. Bukkokin tabarma ne 'yan kaɗan kusa da rijiya, da awaki, da raƙuman da suka tsira da su. A nan muka tarar da Lalla, matar Amumun, zaune tana saƙa tabarma, yaranta na kewaye da ita. Mijinta yana gidan kaso a Maraɗi tun kafin damina.

Kuskurena na farko nan na yi shi, tun kafin shayi ya huce. Lalla ba ta jin Hausa sosai, ke kuma Tamashek ɗinki na gaisuwa ne, sai na zama tafinta. Kika tambaye ta yadda aka yi aka kama mijinta. Ta fara magana, ta yi ta yi, tana kiran sunayen mutane: ɗan wane yana Libiya, ƙanen wance yana Aljeriya, mijin wance yana aikin gini a Agadas. Ni a zatona lissafin dangi take yi irin na mata, don haka da ta numfasa na juyo na ce maki, "Ta ce an kama shi saboda maganar kuɗi."

Kika dube ni. "Baba, ta yi magana mai tsawo, kai ka ba ni gajera."

Na ce sauran ba ya da amfani. Ba ki yi mani musu ba. Da muka sake komawa, sai kika ɗauko wata ungozoma ta gidan likitan Azagor mai jin harsunan duka, kika ce mani cikin ladabi in je wajen maza a bakin rijiya, don mata sun fi sakewa idan babu namiji. Na tafi ina jin haushi. Sai a hanyar dawowa kika gaya mani abin da na yanke. A duk zangon nan Amumun ne kaɗai ya fito da katinshi ranar gudu, shi kaɗai ya iya buɗe asusu a banki. Sai kowane gida ya ce wa ɗanshi da ke ci-rani ya turo ta wajen Amumun, shi kuma ya zo Dakoro ranar kasuwa ya sayo masu hatsi da dusa ya raba. Banki ya ga makiyayi guda ana ta turo mashi kuɗi daga ƙasashe daban-daban, ya rufe asusun ya kai rahoto, jandarmomi suka zo suka tafi da shi bisa zargin yana tara wa 'yan bindiga. Sunayen nan da na ɗauka surutu ne, su ne gaskiyar mutumin gaba ɗaya.

To Uwata, ki riƙe wannan. Inda za ki, manyan littattafai za ki tarar, da manyan malamai masu iya tattara mutane dubu cikin layi ɗaya. Ba laifi ba ne, aikinsu ne, ke ma za ki koya. Amma duk ranar da kika zauna gaban mutum yana ba ki labarin abin da ya same shi, ki bar shi ya kai ƙarshe, ko da kin ga ya bar hanya. Ni na san harshen Lalla, na san mutanenta, na ci abincinsu, amma ban saurare ta ba, saboda na riga na yanke cewa na san abin da za ta ce. Ki ji tsoron ranar da za ki ƙware har ki fara jin haka.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma tun zuwanmu na farko na tafka shi. Da za mu tashi, Lalla ta biyo mu har wajen moto, ƙaramin ɗanta na riƙe da bakin zanenta. Tausayi ya kama ni, ga kuma alfahari, don ina son mutanen nan su san ɗiyar malamin dabbobi ta yi karatu. Na ce mata cikin harshenta ta kwantar da hankalinta, ɗiyata lauya ce, za ta fito mata da mijinta kafin babbar sallah. Ba ki ji kalmomin duka ba, amma kin ga yadda fuskarta ta canja, kin kuma ji na ce sallah. Ba ki tanka ba sai da muka tsaya gindin wata aduwa don injin ya huce.

Kika ce, "Baba, me ka ce mata?"

Na faɗa maki.

Sannan kika ce, "Ni ba lauya ba ce, ɗaliba ce. Ba ni da ikon tsayawa gaban alƙali. Idan sallah ta zo bai fito ba, wa zai iya kallon idon matar nan?"

Na ce ai ƙarfafa mata zuciya na yi. Kika ce zuciyar da aka ƙarfafa da abin da babu, idan ta faɗi ta fi jin ciwo. A zuwa na biyu ke da kanki kika sa ungozoma ta gaya mata gaskiya: ba ki da ikon fitar da kowa, abin da za ki iya shi ne ki nemo lauyan gaske ki gaya mashi abin da kika ji, idan ta yarda. Ta yarda. Amma maganar dattijo ta riga ta shiga kunnenta, ita ta riƙe.

Sallah ta zo, Amumun bai fito ba. Ranar kasuwar da ta biyo baya ina zaune ƙofar gida, sai ga Lalla ta sauko daga bayan mota a-kori-kura, ta yi tambaya har ta gano gidanmu. Ta kawo mani cuku a ƙunshe cikin tsumma mai tsabta. Ba ta ce mani ina alkawari ba. Ta gaishe ni, ta gaishe da innarki, ta ce ta zo ne ta ji ko da labari. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi. Cukun nan na kasa cin shi, sai yara suka cinye.

Kada ki yi wa mai neman taimako alkawarin abin da ba hannunki yake ba. Kin riga kin san haka fiye da ni, amma ina maimaita maki don nan gaba za a kira ki dakta, mutane za su zo maki da kuka suna zaton kalmarki na buɗe ƙofar kaso. Jin daɗin wannan zato yana shiga mutum a hankali bai sani ba. Ki faɗi iyakar abin da za ki iya, ki cika shi, sauran ki ce ba ki sani ba. Kuma ki riƙa bambanta ranar da kike mai bincike da ranar da kike mai taimako, ki gaya wa mutum wacce ce a cikinsu ke zaune gabanshi.

Sai tafiyarmu Maraɗi. Kin samu izinin ganin wani ma'aikacin bankin don ki tambaye shi yadda suke aiki da ƙa'idojin nan, ni kuma na ce sai na raka ki. Yaro ne matashi, sa'anki, da rigarshi a goge. Kin fara tambayarshi a natse, ni kuma tun daga Dakoro nake tafe da fushina. Ban bari ya gama amsa ta farko ba na ɗaga murya. Na ce masu sanyin ofis ya sa sun manta da talaka, sun jefa mai gaskiya kaso suna nan suna shan iska. Har mai gadi ya leƙo.

Yaron bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Baba, ba zan iya yi maku maganar asusun wani ba, doka ta hana. Amma a dunƙule, idan na ga irin wannan shige da fice ban kai rahoto ba, ni za a kama, bankin kuma a hukunta shi. Dokar ba mu muka rubuta ta ba. Kuma Baba, akwai waɗanda da gaske ta wannan hanya suke sayen bindiga. Garinmu ma an taɓa shiga."

Ke kuma kika ba shi haƙuri a madadina, kika ci gaba da tambaya. Kika ce idan gida goma ba su da kati, wace hanya ce ta halal da za su karɓi abin da 'ya'yansu suka turo? Ya ce shi ma bai sani ba, kuma ya daɗe yana son wani ya tambayi na sama. Da muka fito kika ce mani wannan amsar ta fi maki duk abin da kika karanta a watan nan.

Idan kin zauna rubutu, kada ki nemi mugu don labarin ya yi daɗi. Wani lokaci akwai mugun, idan kin same shi ki faɗa ba tare da tsoro ba. Amma sau da yawa kowa na bin ƙa'idarshi ne yana kare kanshi, mutum guda kuma ya faɗa ta tsakaninsu babu wanda ya tura shi. Ni fushina bai fitar da kowa daga kaso ba, ya kusa ma rufe maki bakin wanda zai yi maki bayani. Ki shiga ofishin mutane da sallama, ko da kin san takardarki za ta soki aikinsu.

Na ƙarshen shi ne wanda har yau idan na tuna sai in ji zufa. Kin samo Metir Haruna, lauyan da ke taimaka wa marasa hali a Maraɗi, ya karɓi maganar. Amma abin na tafiya a hankali, yau a ce alƙali ya yi tafiya, gobe a ce ana jiran takarda. Ni kuwa alkawarin da na yi wa Lalla na ci na. Sai na tuna da Alhaji Sabi'u, wanda muka yi lakwal tare tun muna yara 'yan makaranta, yanzu ɗan kasuwa ne mai shiga wajen manya. Ban shawarce ki ba, ban shawarci innarki ba. Na kama ragon da nake turka, na sa a mota na kai mashi, na ce ya sa baki. Ya karɓa da fara'a, ya ce in ɗauka an gama.

Abin da ya yi shi ne ya baza maganar a majalisarshi, don a san ana kawo mashi kuka. Kafin wani lokaci magana ta zagayo Dakoro ta canja kama: wai ɗiyar malam Isuhu tana bin sawun masu ba 'yan bindiga kuɗi, ubanta kuma yana rabon raguna. Wata rana da la'asar wani mutum da ban sani ba ya yi sallama, ya zauna kan tabarmata, ya yi ta tambaya wa ya aiko ki, wa ke biyan ki, me kike rubutawa. Da ya tafi na tarar da innarki tsaye bayan ƙyaure, ta ji komai.

A ranar ne na ce maki ki bar binciken nan. Na ce ki nemi aiki ko a banki ne, ki zauna lafiya kamar 'ya'yan kowa. Na ce Amumun ba danginmu ba ne. Wannan kalmar ta fito daga bakina, ni da na sha nonon raƙumansu shekara da shekaru.

Kika ce, "Baba, na ji tsoronka, ni ma ina jin tsoro. Amma abin da nake yi ba a ɓoye nake yin shi ba. Ina da izinin jami'a, ina da na hukuma, tun ranar da na zo na kai su aka sa hannu. Idan na gudu yanzu, na tabbatar masu da abin da suke faɗa, kuma Lalla ce za ta biya."

Washegari da safe kika sa hijabinki kika ɗauki takardunki, kika tafi jandarmeri, ofishin jandarmomi, da ƙafarki. Na bi ki a baya don ba yadda zan yi. Na zauna kan benci a waje ina jan tasbaha, ina tunanin me zan ce wa innarki idan na koma ni kaɗai. Da kika fito, kwamandan ne da kanshi ya rako ki har bakin ƙofa. Kin yi mashi bayanin aikinki, kin nuna izininki, da ya nemi sunayen waɗanda suka yi maki magana kika ce kin yi masu alkawarin ba za ki faɗa ba, kuma ƙa'idar bincikenki ta hana. Ya dube ni ya ce, "Malam, ɗiyarka ta san abin da take yi. Kai dai ka rage yawo da raguna." Na ji kunya, amma ban taɓa jin kunyar da ta zo da sanyin rai irin wannan ba.

Metir Haruna ma ya kira ni ta salula. Bai yi mani faɗa ba. Ya ce, "Baba, mutumin nan yana da gaskiya, kuma gaskiyar tana da shaidu. Idan aka ji an bi ta bayan gida, sai a ce don ba shi da ita ne. Ka bar mu mu shiga ta ƙofa." Ragon dai ya tafi, ko fatarshi ban gani ba.

Darasin nan kashi biyu ne, ki ɗauke su duka. Kada gaggawa ta sa ki nemi gajerar hanya a maganar haƙƙin mutum, don idan ta ɓaci ba kanki za ta fashe ba, kan mai rauni za ta fashe. Sannan duk aikin da kike yi, ki yi shi yadda idan an kira ki za ki iya shimfiɗa shi a fili, ban da sunayen waɗanda suka amince maki. Su kam ki riƙe su kamar amanar marayu. Ke za ki rubuta ki hau jirgi, su suna nan bakin rijiya, kowa ya san bukkarsu. Kuma idan wata rana na sake kiran ki ina cewa ki bari saboda tsoro, ki saurare ni da ladabi kamar yadda kika saba, ki auna maganar. Idan haɗarin na gaske ne ki ja da baya, ba abin kunya ba ne. Idan tsoron uba ne kawai, ki yi mani addu'a ki ci gaba.

Sauran kin sani. Metir ya matsa har aka kawo Amumun gaban alƙali. Mutanen zangon suka yi karo-karo suka cika mota, kowa ya faɗi ɗanshi da ke turowa da abin da ya karɓa. Ɗan Ladi mai sayar da dusa a kasuwarmu ya rufe rumfarshi ya tafi Maraɗi, ba wanda ya roƙe shi sau biyu, ya ce shi dai abin da ya sani mutumin nan dusa da hatsi yake saye, kuma yana da tsananin ciniki. An ce har alƙali ya murmusa. Aka sake shi.

Ke kina Yamai ranar, kina kare rubutunki gaban malamanki, don haka ba ki ga isowarshi ba. Ta salula na ce maki kawai ya iso lafiya. Bari in ba ki yadda aka yi. Lalla ta kwana gidanmu tana jira. Da azahar na je tasha na tarbe shi. Ban taɓa ganinshi ba, amma ban sha wahalar gane shi ba: dogo, ya rame har rigar na lilo a jikinshi, yana tsaye gefen mota ya sa hannu ya rufe bakinshi. Sai na lura kanshi babu rawani. An karɓe tun ranar da aka shiga da shi, ba a mayar mashi ba. Kin san Ba'abzine, fitowa gaban mutane fuska a buɗe kamar fitowa ba riga ne. Na ce mu tafi gida, iyalinka na jira. Ya ce a hankali, "Malam, ba zan shiga wajenta haka ba."

Na warware nawa na miƙa mashi. Ya juya baya ya naɗa a natse, ya ja shi ya rufe har hanci, sannan ya juyo. Wallahi Uwata, kamar wani mutum aka canja, har tsayuwarshi ta miƙe. Muka taho ni kai a buɗe, furfura a waje, yara na kallona, ban damu ba. Da muka shiga, Lalla ba ta tashi da gudu ba, ba ta yi guɗa ba. Ta zuba ruwa a kwano ta ajiye gabanshi, ta koma gefe ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Shi kuma ya sha ruwan, ya tambaye ta yara, ya tambaye ta ko taguwar nan ja, raƙumarshi, ta haihu. Ta ce ta haihu, mace. Ya ce alhamdu lillahi. Innarki ta shige ɗaki tana share ido, ni kuma na ji wani abu da ya daɗe zaune a ƙirjina ya sauka.

Ba komai ne ya gyaru ba. Asusun har yau a rufe yake, yawancin mutanen zangon har yau ba su da kati, duk da na ji an ce masu agaji sun fara maganar kawo masu alƙali can ya yi masu takardun haihuwa. Watannin da mutumin nan ya yi a kaso babu mai mayar mashi da su. Shi ya sa yanzu na gane tafiyarki. Akwai irin Amumun a wuraren da ba su da Lalla mai naci, ba su da Ɗan Ladi. Idan karatunki zai sa masu rubuta dokokin nan su tuna da makiyayin da ya gudu ba kati, to ki je ki yi shi da kyau, kada ki yi rabi.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa ne. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ko ana tsakiyar taro. Ki ci abinci, na san halinki idan kin kama karatu. An ce can kifi da shinkafa ne kullum, ki saba, innarki ta sa maki kilishi da yajin daddawa a ƙasan jaka don ranar da kewa ta taso. Idan wani ya yi dariyar yadda kike furta Faransanci, ki bar shi ya gama ki ci gaba da maganarki. Idan malaminki ya gyara maki rubutu da jan alƙalami har kika ji kamar ki yi kuka, ki yi kukan a ɗaki ki dawo ki gyara. Idan ba ki san abu ba ki ce ba ki sani ba. Ki riƙa kiran innarki, ko ba ki da abin faɗa, ita muryar take so. Maganar aure kuma ba zan matsa maki ba, idan kin ga wanda hankalinki ya kwanta da shi ki gaya mana da wuri, kada mu ji a bakin mutane.

Akwai abu ɗaya da ban gaya maki ba. Da takardar buris ɗinki ta fito, na nemi lambar ɗan wani abokina da ke kasuwanci a Dakar. Na shirya in ce ya riƙa sa maki ido, ya riƙa gaya mani inda kike zuwa da waɗanda kike hulɗa da su. Jiya na kira shi. Da ya ɗauka muka gaisa, sai na ji kaina ina ce mashi ɗiyata na zuwa garinku karatu, idan ta nemi taimako ka taimake ta, idan ba ta nema ba ka ƙyale ta, ta san abin da take yi. Lambar tana bayan wagga takarda. Ke ce mai ita, ni na goge ta daga salulata.

Allah Ya yi maki albarka, Uwata. Na yafe maki duk abin da kika sani da wanda ba ki sani ba, ke ma ki yafe mani. Allah Ya kai ki lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin mai sharri da zargin da ba ki ji ba ba ki gani ba. Ya buɗe maki karatu, Ya sa ya amfani waɗanda ba su san ma ana rubutu a kansu ba. Ya dawo mana da ke muna raye, idan kuma Ya ƙaddara ba haka ba, ki sani na rabu da ke ina mai farin ciki da ke.

Ki gaishe da gwaggonki, ki ce mata na gode da ɗawainiya.

Wassalam.

Babanki,
Isuhu